Da Ni Aka Cika Filin Hartum

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya kawo rediyo gyara shagona a nan Azare, kafin ya faɗi abin da ke damun rediyon sai ya tambaye ni labarin ƙasar Shari'a. Abokan hirarmu na bakin shago kuwa abu guda suke son ji: wai da gaske ne mutanen da aka ce sun fito gangamin nan na Hartum sun fito? Sun ji labarinsa ina can, har sun yi musu a kai, wasu na cewa ƙasar ce duka ta fito, wasu na cewa ƙaryar gwamnati ce. Ni ina cikin taron, da ƙafata na shiga, har kabbara na yi. Amma amsar ba ta faɗuwa tsakanin saka batir da ɗaure murfi, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta tun daga farko.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mahaifiyata, Inna, tana da ƙane guda, Kawu Bukari, wanda ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙasa tun yana saurayi. Guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya neman na gaba, ya yi aure, ya haihu, shekara ta yi ta bin shekara. Makkan ma bai isa ba. Da tsufa ya kama Inna sai ta matsa lallai in je in gano mata shi. Ta sa na ɗauki muryarta a kaset, gaba da baya, tana gaishe shi tana jera masa waɗanda suka rasu bayansa. Ta haɗa mini da ƙullin daddawa da na kuka, ta ce ta san abin da ɗan'uwanta zai fi kewa ke nan.

Daga Maiduguri na hau motar Gamboru, na ratsa ɗan yankin Kamaru zuwa Kusuri, na haye gada na shiga Injamena. Har nan ban ji baƙunci ba, don ko'ina ka juya za ka ji Hausa. Na sauka a wani zangon fatake, ɗaki ɗaya mu tara, muna jiran babbar motar Abeshe ta cika. Kullum da safe direba zai ce yau za a tashi, da yamma mu koma mu shimfiɗa tabarma. Sai a kwana na biyar aka tashi, fasinjoji a bisa buhunan kaya, kowa ya riƙe igiya.

A kan buhunan nan na haɗu da Malam Sanusi, ɗan Damagaram, ɗalibi a wata jami'ar Musulunci a Hartum, yana komawa daga hutu. Siriri ne mai fara'a, ba ya cin komai sai ya raba. Shi ya fara yi wa Larabcina dariya. Ɗan abin da na koya a zaure na littafi ne, idan na nemi ruwan sha sai in yi magana kamar mai huɗuba, mata masu shayi su rufe baki da mayafi. Ya koya mini yadda mutanen can suke faɗa. Ya kuma cika mini kunne da yabon gwamnatin Sudan. A cewarsa sojojin da ke mulki a can ba irin namu ba ne, masu tsoron Allah ne, sun rufe gidajen giya, sun tsaya wa addini, shi ya sa manyan ƙasashe suka sa su gaba. Ban musa masa ba, don ni ma abin da na taho da shi a zuciya daga gida ke nan.

Iyakar Sudan tana tsakanin Adire da Jinena, wani busasshen kwari ne da rumfar sojoji. Aka sauke mu aka ce kowa ya zazzage jakarsa. Sojan da ya kwance ƙullin daddawa ya toshe hanci, ya kira 'yan'uwansa su zo su ga abin da Fallata ke ci, suka yi dariya suka mayar mini. Fallata shi ne sunan da suke kiran duk wanda asalinsa daga wajenmu yake, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare. Kaset ɗin ne ya zama magana. Babbansu ya sa aka kawo rikoda aka saka, sai ga muryar Inna a tsakiyar daji tana cewa, "Bukari, ɗan'uwana, ni ce Hajara." Da ta shiga jera sunaye sai ya tsayar, ya ce sunayen su wane ne waɗannan, kuma wa za a kai wa. Malam Sanusi ya rantse masa sunayen mamata ne. Babban sojan ya ce ba shi da mai tabbatar masa, ya jefa kaset ɗin cikin wani kwali, ya buga mini hatimi. Na buɗe baki zan yi magana, Malam Sanusi ya taka mini ƙafa.

Daga Jinena zuwa Niyala, daga nan zuwa Ubayyid, kwana goma sha ɗaya muka yi. Hanya suna ce kawai, sawun tayoyi ne cikin rairayi. Idan mota ta kafe sai kowa ya sauka, a shimfiɗa fallayen ƙarfe a gaban taya, a tura, a ɗauko ƙarfen a sake shimfiɗawa. Amma a nan na ga halin mutanen Sudan da ba zan ɓoye ba. Ba mai buɗe abincinsa bai kira ka ba, kuma ba bisimillar fatar baki ba ce irin tamu da ake yi ana janye kwano. Idan ka ƙi, hannunka za a kama. Tuwonsu asida sunansa, ya fi namu laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa ake ci. Shayinsu kuwa sukari ne da ɗan ruwa. A ƙofar gidaje suna ajiye randuna da moɗa don masu wucewa. Da ruwan wata rijiya ya ɓata mini ciki, wata tsohuwa ta jiƙa mini 'ya'yan kuka na sha, cikin ya tsaya. Na ce mata mu ganyen muke miya da shi, ta dube ni kamar na ce mata muna cin itace.

Abin da ya fara sanyaya mini jiki shingayen hanya ne. A kowane shinge samari ake nema. Kusa da Ubayyid aka sauke wasu biyu da muka yi kwanaki muna cin kwano ɗaya da su, aka ce ba su da katin hidimar soja. Aka jefo musu jakunkunansu, mota ta tashi. Na tambayi Malam Sanusi, ya ce ƙasa tana yaƙi a Kudu, dole kowa ya ba da nasa, kuma horo kawai za a yi musu.

Mun shiga Umdurman da hantsi, aka sauke mu a wata babbar kasuwa ta wajen unguwar Umbadda. Hartum gari uku ne da kogi ya raba, Umdurman ɗaya ne cikinsu, sai ka hau gada kake zuwa daga wannan zuwa wancan. Malam Sanusi ya saka ni a motar zuwa unguwar Hajj Yusuf, inda mutanenmu suke da yawa, ya rubuta mini inda zan same shi. Adireshin da na zo da shi kalma uku ne: Bukari mai agashe. Agashe tsire ne. Kalmarmu ce ta "a gashe" mutanen can suka ɗauka suka riƙe, kuma mutanenmu ne ke sana'ar. Mai tsire na farko da na tambaya ya tura ni wurin na biyu, na biyu ya nuna mini kwanar da zan bi. Na tarar da wani dogon tsoho yana shafa wa nama ƙuli, na yi sallama na gaishe shi da Hausa. Ban kai ga faɗin sunana ba ya ajiye tsinken da ke hannunsa, ya ce wannan goshin Hajara ne.

A gida, bayan an ci abinci, ya zaunar da ni a kan gadon igiya a tsakar gida ya fara tambayar mutane. Aikin da kaset zai yi ya dawo bakina. Ya ambaci suna, in ce ya rasu, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ambaci wani. Hausarsa ta shekara arba'in da suka wuce ce, yana tambayar rijiyar da aka daɗe da cikewa, da tsamiyar da aka sare aka yi tasha a wurin. Da ya ga sunaye sun ƙare ba wanda ya rage sai Inna, ya tashi ya yi alwala, ba kuwa lokacin salla ba ne.

Matarsa, Hajja Zainaba, a Sudan aka haife ta, kakanninta Sakkwatawa ne. Ita ma ba ta je Makka ba, can kowace dattijuwa Hajja ce. Washegari ta yi miyar kuka da abin da na kawo, Kawu ya ci har da suɗe kwano. 'Ya'yansu mata sun yi aure, saura ɗansu namiji tilo, Siddiku, da matarsa da 'yarsu ƙarama. Siddiku ya kai shekara ashirin da bakwai, direban ƙaramar bas ne ta wani, yana jigila tsakanin Hajj Yusuf da tsakiyar gari. Zai fara magana da Hausa ya ƙarasa da Larabci bai sani ba. Yaya yake kirana. Na yi kwanaki ina zama kusa da shi a gaban mota, da haka na ga garin. Na ga layin burodi da layin mai. Na ga mata masu shayi a gindin bishiyoyi suna kwasar murhu da kofuna da gudu in sun hango motar 'yan sanda. Masallatai a cike suke, gaskiya ne, mashaya kuma ban ga ko ɗaya ba. Amma duk wanda zai yi maganar gwamnati sai ya waiwaya tukuna.

Siddiku ne ya faɗa mini abin da ke cin su. Shi a nan aka haife shi, uwarsa ma haka, amma takardar zama ɗan ƙasa ta gagara. Duk lokacin da ya je sai a ce ya kawo shaidar asalin kakansa. Ga shi komai na unguwa a hannun wani kwamiti yake, daga katin rabon sukari har izinin teburin agashen Kawu, har ma filin da gidan yake kai, wanda ba a riga an tabbatar musu da shi ba.

Ina cikin mako na biyu aka fara shelar gangamin. Motoci masu lasifika suka riƙa zagaya unguwa suna cewa al'umma za ta fito ta nuna wa duniya tana bayan Shari'a da sojojinta. Ana gobe taron shugaban kwamitin ya zo da la'asar, mutum mai jiki da farin rawani, Ustaz suke ce masa. Bai yi wa kowa barazana ba. Ya sha shayi, ya tambayi Kawu ciwon ƙafarsa, ya yi mini barka da zuwa, sannan ya buɗe littafinsa ya ce gidan nan mutum nawa zai rubuta. Ya ce motar Siddiku tana cikin masu jigilar jama'a, an riga an gaya wa mai ita, za a ba shi mai.

Da ya fita na ce wa Kawu shi da ciwon ƙafa ai sai ya zauna, ni kuma baƙo ne, ba ruwana.

"Ɗana, ba ka gane ba," in ji shi. "Balarabe in bai je ba, a ce lalaci ne. Mu in ba mu je ba, a ce ba ma son ƙasar. Ka zo mu je. Gida ya fito da uku ya fi ya fito da biyu."

Washegari aka tashi kasuwanni a rufe, ofisoshi da makarantu ma haka. Siddiku ya kwashe mu a sawu na uku. Tun daga gada mota ta daina tafiya, muka sauka muka bi jama'a, Ustaz a gabanmu. Masu tambayata, ga amsarku: mutane sun fito. Na ga filin Idi a Kano, na ga kasuwar Potiskum ranar da take ci, ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Fili ne da ba ka hango ƙarshensa, ya cika da fararen riguna har ya tumbatsa kan tituna. Sai dai ba abu ɗaya ya kawo su ba.

Ustaz ya bi da mu ta gefen dandamali kafin ya kai mu inda aka ware wa unguwarmu. A nan gaba na ga waɗanda ba wanda ya kawo su. Ɗalibai ne da samari masu kakin horo, sun ɗaure goshi da ƙyalle, Alƙur'ani a hannu, suna tsalle tare ƙasa na amsawa. Cikinsu na hango Malam Sanusi hawaye na bin fuskarsa. Wani dattijo yana ɗauke da hoton ɗansa da aka kashe a Kudu, ya ɗaga shi sama, ya ce wa Kawu shi alfahari yake yi, in da yana da wani ma zai bayar. Mata na ta guɗa. Waɗannan da zuciya ɗaya suka zo, kuma suna da yawa, kada kowa ya ce muku ba haka ba ne.

Daga tsakiya zuwa baya kuwa irinmu ne. Ma'aikata sun yi layi gaban shugabanninsu ana kiran suna. Mutanen ƙauye da aka kwaso a manyan motoci sun shige ƙarƙashin motocin neman inuwa. Kusa da mu mutanen Mayo ne, unguwar 'yan gudun hijira, cikinsu har da 'yan Kudu da ba Musulmi ba, an ba su tutoci suna tsaye suna kallon ƙasa. Wanda aka riga aka kira sunansa in ya nufi hanyar fita sai ya tarar da sojoji a bakinta, su ce masa ba a gama ba.

Aka yi ta jawabai rana na dukanmu. Abin da na tsinta da ɗan Larabcina, da wanda Kawu ya fassara mini, duk magana ɗaya ake juyawa: Shari'a ba gudu ba ja da baya, ƙasashen waje su yi ta kansu, yaƙin Kudu kuma jihadi ne. Can sai fili ya ɗauka, aka ce babban sojan da ke mulkin ƙasar ya iso. Daga inda muke kamar 'yar tsana yake, yana kaɗa sanda. Jirgi mai saukar ungulu ya yi ta shawagi a kanmu yana ɗaukar hoto. Da ya yi nisa a jawabi sai ya tambayi jama'a ko a shirye suke su ba da 'ya'yansu. Sau uku ya tambaya, kowane karo amsar ta fi ta baya ƙarfi. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na amsa. Idan kabbara ta tashi daga bakin mutane masu yawan haka, tsikar jikinka tashi take yi, bakinka ya buɗe kafin ka yi shawara da shi. Na dubi Kawu, ya ɗaga hannu yana amsawa, idonsa na kan Ustaz da ke tsaye a gefenmu.

Manya na tashi aka buɗe hanyoyi, aka yi turmutsitsi wajen tankar ruwa. Takalmina ɗaya a nan ya tafi. Wata mata ta faɗi, aka ɗauke ta sama hannu zuwa hannu, ban san yadda ta ƙare ba. Muka je inda aka ajiye motoci, babu ko ɗaya. Ashe man da aka ba su na kawowa ne, ba na mayarwa ba. Haka muka tako, Kawu na dafe da kafaɗata, ni ƙafa ɗaya a kan kwalta mai zafi, har wani mutum da ke zaune a ƙofar gidansa ya ga halin da nake ciki ya cire silifas ɗinsa ya ba ni. Gab da magariba muka isa gida.

Bayan salla muka kalli taron a talabijin ɗin wani maƙwabci. Daga sama aka ɗauko shi. Ba a ganin masu kwanciya ƙarƙashin mota, ba a ganin sojojin bakin hanya, fari fat ko'ina kamar gonar auduga. Mai karanta labarai ya ce miliyoyi ne. Da ma na gyara wa maƙwabcin rediyonsa, sai muka kama tashoshin waje ƙasa-ƙasa, su kuma suka rage yawan ƙwarai, suka ce kwaso mutane kawai aka yi. Duk cikinsu ba wanda ya faɗi abin da na gani. Siddiku, wanda ya yi sawu bakwai a ranar, ya ce ni ke wahalar da kaina da ƙidaya. A ganinsa hoton ake so. Mai adawa ya gani ya ji shi kaɗai ne a ƙasar, na waje su ga ba wanda za su zuga, sannan duk abin da aka yi bayan haka a ce jama'a ce ta nema.

"Ka jira mako guda, Yaya," ya ce. "Ba a tara mutane haka a banza."

Ba a kai makon ba. Kwana huɗu da taron, da hantsi, wani direba abokin aikinsa ya zo ya tsaya a ƙofar gida ya kasa shigowa. Ya ce an tare gindin gada an tsayar da motoci, duk namijin da bai tsufa ba an ce ya nuna katin hidima. Da Siddiku da fasinjojin da ba su da katin duk an loda su a motar soja. Bas ɗin tana can gefen titi da makulli a jiki. Irin wannan kame kasha suke kiransa, kuma ranar a unguwanni da dama aka yi shi, a kasuwanni da tasoshin mota.

Matar Siddiku ta zauna a ƙasa nan inda take tsaye. Hajja Zainaba ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko wa Kawu rawaninsa ta ce ya tashi.

Muka je wurin Ustaz. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Kawu ya tuna masa shekarun da suka yi a unguwa ɗaya, ya ce shi ya tsufa, Siddiku ke riƙe da gidan, kuma ba taron da aka taɓa kira gidansa bai fito ba. Ustaz ya ce duk ya sani, amma abin ya fi ƙarfin kwamiti.

"Kuma ya Hajj, ai da bakinku kuka amsa. Ina tsaye kusa da kai. Duniya duk ta gani."

Kawu ya ce, "Da ya zo neman takarda an ce ba ɗan ƙasa ba ne."

Ustaz ya ce to ai ga hanya ta samu, wanda ya yi hidima ba mai hana shi takarda in ya dawo. Ya rako mu har ƙofa yana yi mana addu'a.

Daga nan na tuna da Malam Sanusi. Muka same shi a masaukin ɗalibai. Da ya ji labarin ransa ya ɓaci ƙwarai, amma sai ya shiga ba Kawu haƙuri da falalar wanda ya fita saboda Allah. Kawu ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi ko su ɗaliban waje ana kama su. Ya ce a'a, suna da kati. Ya tambaye shi in ya gama karatu ina zai nufa. Ya ce gida. Amma in faɗi gaskiyarsa, ya bar darasi ya yi kwana uku yana bin waɗanda ya sani, har ya gano mana sansanin da aka kai Siddiku, can bayan Umdurman cikin fako. Maganar fitar da shi kam, ya ce ba wanda ya yarda ya ko saurare shi.

Ranar Juma'a ake barin iyaye su matso. Ni da Hajja Zainaba muka je, don ƙafar Kawu ta kumbura tun ranar taron. Muka hau mota biyu muka ƙarasa da ƙafa. A bakin wayar da ta kewaye sansanin muka tarar da jama'a masu yawa, akasari mata, kowace da kwanon abinci ɗaure cikin ƙyalle, suna tsugune cikin rana. Wata ta ce daga Umbadda take, nata biyu aka ɗauka. Wata ɗanta sayo magani ya fita. Da aka fito da su gudu cikin sahu, duk an aske musu kai ƙwal, kowace ta miƙe tana kiran suna. Hajja ce ta gane shi, ni ban gane shi ba. Ya juyo ya ɗan ɗaga hannu, sahu ya wuce da shi. Abincin a ƙofa aka karɓa aka ce za a ba shi.

Komowata ba ta da wani labari. Izinin zamana ya ƙare, na biyo hanyar da na bi, kuma yau wata biyar ke nan ba mu ji komai game da Siddiku ba. Ita Inna dai na faɗa mata na sami ƙanenta da rai yana gaishe ta, sauran kuwa wanda ya karanta kada ya kai mata. Abin da ya rage in faɗa shi ne Juma'ata ta ƙarshe a can.

Mun koma sansanin ni da Hajja, muka jira har la'asar ba a fito da kowa ba. Ta matsa jikin waya tana kira, "Siddiku! Siddiku ɗan Bukari!" Wani soja mai gadi ya nufo mu da bindiga a kafaɗa, na kama hannunta zan janye ta. Da ya iso sai ya juya mana baya kamar yana duban wani wuri, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa.

"Inna, ki tafi gida. Shekaranjiya aka tafi da su garin Kosti, jirgin ruwan Kudu za su hau. Kada ki ce ni na faɗa."

Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta daɗe haka. Sannan ta tambaye shi ɗan wane gari ne, ya ce iyayensa suna Gadarif. Ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ta tsuguna ta tura kwanon ta ƙarƙashin waya.

"Ɗauka ka ci, ɗana. Ba zan koma da shi gida ba."

Muka juyo. Muka taka har bakin hanya, muka hau mota. Sai da muka hau gada ta juyo ta ce mini in mun isa kada in yi gaggawa, in bari Kawu ya ci abinci tukuna kafin a faɗa masa.